Daga kuɗin fito zuwa carte grise: tarihin shigo da ƙaramar motar kaya da harajinta a kudancin Nijar

Gabatarwa

Wannan takarda tana duba wani ɗan yanki na tarihin sufuri a Nijar, wato hanyar da ƙaramar motar kasuwanci take bi tun daga ƙasar da aka ƙera ta har ta sami lambar Nijar, da kuɗin da hukuma take karɓa a kanta a tsakanin nan. Motar da muke nufi ita ce wadda takardun hukuma suke kira fourgon ko camionnette: a-kori-kura mai ɗaukar buhunan hatsi da albasa, da ƙaramar bas mai ɗaukar mutane da kayansu ranar kasuwa. Ba mu saka gingimari da tirela a ciki ba, don su tarihinsu yana tafe ne da na manyan kamfanoni da manyan alhazai, ita kuwa ƙaramar mota jarin matsakaicin ɗan kasuwa ce, ko direban da ya yi shekaru yana tari, ko ma'aikacin gwamnati da ya zuba kuɗin ritayarsa a ciki.

Abin da muke son nunawa guda ne. Irin motar da ake gani a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawan shekarunta, da ƙofar da ta shigo ta cikinta, duk sun fi bin bambancin da ke tsakanin dokokin Nijar da na Najeriya, da tsakanin sefa da naira, fiye da yadda suka bi buƙatar mai sayen motar. Mai motar haya na Tasawa ko Madawa yakan sami abin da wata babbar kasuwa, wadda ba don shi aka kafa ta ba, ta bari a kan hanya, sannan ya biya haraji a kansa cikakke.

1. Fito kafin zuwan mota

Kalmar da Bahaushe yake amfani da ita ga harajin shigo da kaya ta girmi mota nesa ba kusa ba. Fito a asali ƙetarar da mutum ko kaya ne a kogi, kuɗin fito kuwa shi ne ladan mai jirgi da rabon sarkin da mashigin yake cikin ƙasarsa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, kuma babban aikinsa shi ne daidaitawa da sarakunan hanya kan abin da ayari zai biya kafin ya wuce. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, tun a lokacin, kuɗin wucewa abin ciniki ne, ana tayawa ana sallamawa, kuma akwai mutum na musamman da ya ƙware a kan wannan ciniki.

Turawan mulkin mallaka sun ja iyakar Nijar da Najeriya bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamunta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Faransa ta gwada kafa shingen duwan a kan wannan iyaka gab da yaƙin duniya na farko, ta ɗage shi a 1918, don abin da ake kashewa wajen tsaronsa bai biya ba, ga shi kuma yana kora mutane zuwa kudu. A wannan tsakanin jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Ma'ana, tun kafin mota ta zama abin sufuri a ƙasar Hausa ta Nijar, tashar ruwan da ta fi kusa da Maraɗi da Damagaram ta fuskar kuɗin ɗauka ita ce Ikko, ta hanyar Kano, wato a hannun Ingilishi.

Motocin Citroën masu tafiya a kan sarƙa da suka ratsa Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924 abin kallo ne kawai. Motar da ta canza kasuwa ita ce kamiyon gyaɗa, wadda kamfanonin Turawa da Larabawan Sham suka riƙa amfani da ita don kai gyaɗar Maraɗi da Magarya bakin layin dogo a Najeriya. Faransa ba ta ji daɗin ganin amfanin gonar mulkinta yana fita ta tashar wani ba, don haka cikin shekarun 1950 ta ƙaddamar da shirin nan da aka sani da opération Hirondelle, wanda ya tallafa wa ɗaukar kaya ta Dahome: jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Faraku, kilomita 438, sannan mota zuwa Nijar. An gama gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a 1958, kafin nan sai dai fito na ainihi a kan Kwara. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri tsakanin Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN da Dahome ta zama Benin. Hanyar Kwatano ke nan, hanya ce da siyasa ta haifa, aka raine ta da tallafi, kuma ba wanda ya zaci a lokacin cewa tsofaffin motoci ne za su raya ta wata rana.

2. Ƙofofi uku

Daga samun mulkin kai a 1960 zuwa farkon shekarun 1970, wanda yake son ƙaramar mota yakan saya ne sabuwa a hannun wakilan kamfanonin Faransa a Yamai, kuma masu iya haka ba su da yawa. Motocin zamanin su ne Renault da ake kira mille kilos, sai Saviem SG2 da ta gaje ta, sai Peugeot 404 mai rumfar tamfol. Babban sufuri yana hannun SNTN, kamfanin ƙasa da aka kafa a 1963, cinikin gyaɗa kuma yana hannun SONARA tun 1962. Duwan ba ta da wahala a kan irin wannan mota: akwai takardar sayarwa daga masana'anta, akwai kamfani guda da ya san doka, farashi kuma a rubuce yake.

Ƙofa ta farko da ta buɗe bayan wannan ta kudu ce. Abubuwa biyu suka buɗe ta. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu na Ingilishi ta koma na dama, irin na maƙwabtanta. Sau da yawa marubuta tarihin kasuwanci sukan tsallake wannan rana, mu kuwa muna ganin tana da nauyi sosai, don daga nan mota ɗaya, mai sitiyari a hagu, ta dace da Katsina ta dace da Maraɗi, ta dace kuma da titin Faransa ko Beljiyam inda aka fara hawanta. Abu na biyu shi ne masana'antar haɗa Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya cika Najeriya. Peugeot 504, mai ɗaki da a-kori-kura, da kayan gyaranta, da makanikan da suka san cikinta, suka bazu a ƙasar Hausa ta ɓangarorin biyu. Ɗan kasuwar Nijar yana riƙe da sefa, kuɗin da ake iya canzawa da tamman Faransa, ita kuwa naira, wadda ta fito a 1973, darajarta a hannun ƴan canji tana ƙasa da ta banki. Wanda ya sayi naira a kasuwa ya sayi kaya a Kano ya riga ya ci riba tun kafin ya juyo. Wannan shi ne zamanin da Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi: gyaɗa ta mutu bayan farin 1968 zuwa 1974, jari ya koma ga cinikin iyaka, kuɗin yuraniyum na Arlit kuma ya ƙara masu saye.

Ƙofa ta biyu ta arewa ce, kuma ta fi ban mamaki. Cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Peugeot da araha, su hau jirgin ruwa da ita zuwa Aljeriya, su ratso hamada ta Tamanrasat da In Gezzam, su shigo Nijar ta Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Tawa ko Yamai, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. Yawon buɗe ido ne mai biyan kansa. A ganinmu a nan ne matsalar da za ta dami duwan har yau ta fara bayyana: mota ce da aka hau shekaru, mai ita ba ɗan kasuwa ba ne, cinikin an yi shi a baki ƙarƙashin inuwa, to nawa ne darajarta? Wannan ƙofa ta rufe a farkon shekarun 1990, da tawayen arewacin Nijar da rikicin Aljeriya na 1992 suka hana baƙi bin hamada.

Ƙofa ta uku ita ce ta Kwatano, kuma ta shafe biyun farko. Don a fahimci dalili sai an koma Najeriya. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai a 1986 ƙarƙashin Babangida, a shekarar kuma aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki da ya karya naira. Sabuwar motar Kaduna, wadda sassanta daga Faransa ake kawo su, ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka ta koma neman tsohuwar motar Turai, wadda Yarabawa suke ce wa tokunbo, Hausawa kuma suke ce wa ƴar Beljiyam ko ƴar Kwatano. Gwamnatin Najeriya, don kare masana'antunta, ta riƙa saka haraji mai nauyi a tashoshinta, tana kuma iyakance shekarun motar da za a shigo da ita, iyakar da ta sha canzawa. A ɗaya gefen, Benin bayan taron ƙasa na 1990 ta saki harkar kasuwanci. Turai ma ta taimaka ba da niyya ba: daga 1 ga Janairu 1992 Faransa ta wajabta binciken lafiyar mota lokaci-lokaci, motar da gyaranta ya fi kuɗinta kuwa sai a nemi inda za a kai ta. Unguwar Heyvaert a birnin Burussel ta zama matattarar irin waɗannan motoci, tashar Anvers ta zama mafitarsu, ƴan kasuwa ƴan Labanan suka riƙe babban kaso na jigilar. Alƙaluman da masanin tattalin arziki Stephen Golub ya tattara sun nuna motocin da ake saukewa a Kwatano sun tashi daga kimanin 50,000 a 1996 zuwa kimanin 200,000 a 2000.

3. Nijar a kan takarda

Benin ba ta da masu sayen motoci dubu ɗari biyu a shekara, Nijar ma ba ta da su. Amma mafi yawan motocin, a kan takarda, Nijar suka nufa.

Ga yadda abin yake a lokacin. Dokar duwan ta bambanta kayan da aka shigo da su don a yi amfani da su a cikin ƙasa, mise à la consommation, da kayan da suke wucewa kawai, transit, abin da ƴan kasuwarmu suke ce wa taranzi. Na farko yana biyan haraji cikakke, na biyu yana biyan kuɗin wucewa mai sauƙi. Nijar ba ta da teku, don haka tana da haƙƙin kayanta su ratsa ƙasar Benin, kuma ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a Kwatano a watan Mayu 1982 a kan yarjejeniyar wucewar kaya ta mota tsakanin ƙasashe. Motar da aka rubuta cewa Nijar za ta tana fita daga tashar ruwa zuwa filayen ajiya na bayan gari, a hanyar Porto-Novo, daga nan a jera ta cikin ayari da rakiyar duwan zuwa arewa, tafiyar sama da kilomita 700 kafin Malanville. Wasu sukan ɓace a hanya su shiga Najeriya ta gabas tun ba su ga Kwara ba. Waɗanda suka haye gada zuwa Gaya kuwa sukan bi ta Doso su nufi Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram, su biya abin da Nijar take karɓa a kan kayan da za a sake fitarwa, sannan su gangara Illela ko Jibiya ko wajen Daura. Fitarsu daga Nijar halal ce a dokar Nijar. Shigarsu Najeriya, sau da yawa, fasa-ƙwauri ce a dokar Najeriya. Tsarin ba sabo ba ne, shi ne dai wanda alhazan Maraɗi suka yi amfani da shi wajen taba sigari da atamfa tun shekarun 1970, sai dai wannan karon kayan yana tafiya da ƙafarsa.

Bai kamata a yi wa gwamnatin Nijar kallon wadda aka yaudara ba. Ta san inda motocin suke zuwa, kuma tana da buƙata. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanho, harajin kai da talaka ya tsana tun zamanin Faransa, a lokacin kuɗin yuraniyum yana cike gurbin. Da farashin yuraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980 gurbin ya sake buɗewa. Zuwa lokacin taron ƙasa na 1991 da shekarun da suka biyo baya, harajin da baitulmali yake tarawa bai kai kashi 10 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni. Ƙasar da yawancin masu sana'arta ba su da littafin lissafi ba ta iya bin riba gida-gida. Abin da take iya yi shi ne ta tsaya a bakin ƙofa. Mota kuwa ta fi kowane kaya daɗin haraji: ba ta ɓoyuwa cikin buhu, tana da lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfenta, kuma dole ta bi titi inda jandarma yake tsaye.

Karyewar sefa ranar 12 ga Janairu 1994 ta ƙarasa aikin. Tamman Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Kafin haka, a watan Agusta 1993, an daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje ana canza su a Faransa, abin da ya taɓa ƴan canjin iyaka kai tsaye. Sabuwar mota ta ninka kuɗi cikin dare ɗaya, sai matsakaicin ɗan kasuwar Nijar ya bi sahun na Najeriya zuwa filayen Kwatano. A nan ne ya tarar da kasuwar da aka gina don wani. Mai saye daga Kano ko Onica yana ɗaukar motoci da yawa a lokaci guda, yana da zaɓin farko. Mai neman mota ɗaya tak, da kuɗin da ya tara a jika-jika, yakan koma ga wadda ta fi shekaru. Toyota Hiace, da Peugeot J5, da Mercedes 207, su ne suka gaji 404 da 504 a tashoshinmu, kuma da yawa cikinsu sun gama aikinsu na farko a hannun mai gasa burodi ko mai gyaran famfo a Turai kafin su fara na biyu a nan.

4. Daga Gaya zuwa lamba

Yanzu bari mu bi motar da za ta tsaya a Nijar. Mutane sukan ce sun biya kuɗin mota kamar abu ɗaya ne, alhali sarƙa ce mai zobe da yawa, kowane zobe da ofishinsa, kuma ba a kama na gaba sai an nuna takardar na baya.

Zobe na farko kuma mafi nauyi shi ne na duwan. Tun 1 ga Janairu 2000 ƙasashen UEMOA suka ɗauki jadawalin haraji na bai ɗaya mai azuzuwa huɗu, kashi 0 da 5 da 10 da 20 cikin 100, sannan na CEDEAO da ya zo a 2015 ya ƙara aji na 35. A kan wannan ana ɗora kashi 1 na ƙididdiga, da ƙananan kason ƙungiyoyin yanki, sannan TVA, wadda a Nijar ta zama kashi 19 a shekara ta 2000. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne TVA ba a kan kuɗin motar kaɗai ake lissafa ta ba, a kan kuɗin motar ne haɗe da harajin da aka riga aka ɗora. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Mota an ƙiyasta darajarta, haɗe da jigila da inshora, sefa 3,000,000, wato jika dubu uku a bakin ɗan kasuwa. Idan ta faɗa ajin kashi 20, harajin duwan 600,000 ne, na ƙididdiga 30,000, TVA a kan 3,630,000 kuma 689,700. Jimla 1,319,700, kusan kashi 44 cikin 100. Idan ta faɗa ajin kashi 10, jimlar 962,700 ce, kimanin kashi 32. Ba mu saka kason ƙungiyoyi da ladan mai fiton kaya ba.

Misalin ya nuna wurare biyu da ake kokawa. Na farko shi ne darajar kanta. Tsohuwar mota ba ta da farashin masana'anta, takardar ciniki kuwa kowa ya san ana iya rubuta ta yadda ake so. Hukumomin duwan na ƙasashen da Faransa ta mulka sun daɗe suna komawa ga Argus, mujallar Paris da aka kafa a 1927, mai buga ƙiyasin farashin tsofaffin motoci. Amma Argus farashin kasuwar Faransa take bayarwa, kuma motar da ta tsufa ƙwarai takan fita daga jadawalinta. Inda jadawali ya ƙare, nan hukuncin jami'i yake farawa, nan kuma mai fiton kaya, transitaire, yake cin abincinsa. Ba mu ga laifin kwatanta shi da madugu ba: aikinsa sanin mashigi da mai mashigi. Wani sakamakon wannan tsari shi ne, tun da haraji kaso ne na daraja, daraja kuma tana raguwa da shekaru, to doka da kanta tana yi wa tsohuwar mota rangwame. Mai jika dubu huɗu a hannu, in ya cire na duwan da na hanya, lissafi zai tura shi ga motar da ta fi tsufa da shekara biyar ko shida a kan wadda ya yi niyya.

Wuri na biyu shi ne jinsin motar. Jadawalin duwan na duniya ya raba motar da take ɗaukar mutum goma ko fiye, lamba 87.02, da motar shiga ta gida, 87.03, da motar kaya, 87.04. Ƙaramar motar da muke magana a kanta tana zaune ne a tsakanin waɗannan. Ta bar Turai a rufe, ba taga a baya, kujeru biyu ko uku a gaba, motar kaya ce ba gardama. Da ta iso sai ta shiga hannun masu walda: a yanka tagogi, a kafa bencina, a ƙara ƙarfen bayan ƙafa don ta jure nauyi, a ɗora mazaunin kaya a kan rufi. Ta zama motar mutum goma sha tara, sunan da har ya bi Hiace a Faransancin tasha. Wannan sana'a ta masu walda da masu ɗinkin kujera ita ce kusan masana'antar mota ɗaya tilo da ƙasar ta samu, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai birkin da aka ƙera don wani nauyi yana ɗaukar wani, ran mutanen da ke kan bencin kuwa yana kan wannan birki.

Bayan duwan sai rajista. Takardar mallaka, carte grise, da lambar da ake maƙalawa, gadon Faransa ne, inda tun farkon ƙarni na 20 ma'aikatar ma'adinai ce take duba motoci, shi ya sa har yanzu Faransanci yake kiran lambar mota plaque minéralogique. A kan carte grise ake rubuta sunan mai mota, da lambar ƙarfe, da jinsinta, da yawan kujeru, da ƙarfin inji bisa lissafin haraji, kuma wannan ƙarfin shi ne ma'aunin vignette, harajin da ake biya kowace shekara. Faransa ta ƙirƙiro vignette a 1956, ta cire ta daga kan motocin gida a 2000. Nijar ta riƙe tata. Akwai lokacin da lambar farko ta farantin mota take faɗin jaha, 4 Maraɗi, 5 Tawa, 7 Damagaram, 8 Yamai, bayanta kuma RN, har jandarma yana iya sanin baƙuwar mota daga nesa. Sai kuma sauran takardun da motar haya take buƙata: inshora, wadda dokar CIMA ta ƙasashen sefa ta tsara bayan yarjejeniyar Yawunde ta 1992, da takardar binciken lafiya, da izinin sufuri, da patente, da katin inshorar CEDEAO mai launin ƙasa-ƙasa ga mai son haye iyaka.

Ba abin mamaki ba ne da wasu suka zaɓi tsallake sarƙar baki ɗaya. A garuruwan iyaka an daɗe ana ganin motoci masu lambar Najeriya suna aikin kasuwannin ƙauye a cikin Nijar, da takardar shiga ta ɗan lokaci da ake sabuntawa, ko ma ba ita. Irin wannan mota tana biyan nata harajin a shingen hanya, kaɗan-kaɗan, kullum, kuɗin da ba ya zuwa baitulmali. Cikin shekarun 2010 gwamnati ta kafa guichet unique na motoci, ta damƙa tafiyar da shi ga kamfanin SONILOGA, da nufin tara ƙiyasin daraja da fito da rajista a wuri ɗaya. Tara ofisoshi yana rage yawo, yana kuma rage wuraren ciniki. Amma aikin da aka ba ɗan kasuwa yana zuwa da ladansa, ladan kuma a kan mai mota yake sauka.

5. Bayan 2016

Tun da kasuwar ta Najeriya ce, duk wata doka da aka sa a Abuja sai an ji ta a Gaya. A 2013 Najeriya ta ƙara harajin motocin da ake shigowa da su don farfaɗo da masana'antunta, abin da ya ƙara wa hanyar Kwatano armashi na ɗan lokaci. A 2016 naira ta sake faɗuwa, sannan daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan tudu gaba ɗaya. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma aka rufe iyakokin ƙasa. Filayen motoci na Kwatano suka yi sanyi, dillalai da direbobin ayari da yawa suka rasa abin yi.

A daidai wannan lokaci ne maganar shekarun mota ta fito fili. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. A shekarar CEDEAO ta amince da ƙa'idojin hayaƙi da iyakar shekaru ga motocin da ake shigowa da su. Ƙa'idar tana da hujja ta fuskar lafiya da haɗari. Amma ba ta taɓa lissafin da muka yi a sama ba: muddin haraji yana hawa da sabuntar mota, hana tsohuwa yana nufin ƙara kuɗin kai buhun gero daga ƙauye zuwa kasuwa, sai fa in an sassauta wa motar kaya ta wani gefen.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya zo da takunkumin CEDEAO, Benin ta rufe Malanville. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata gefen gadar a rufe, kuma ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, ko da yake ta ci gaba da zama cikin UEMOA da sefa. Kayan Nijar suka koma sauka a Lome, su ratsa Togo da Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja saboda rashin tsaro. Ga mai kawo mota zuwa Maraɗi ko Damagaram, wannan yana nufin sai ya shigo ta ƙurewar yammacin ƙasar, ya ratsa Yamai, sannan ya kama hanyar gabas, kimanin kilomita 660 zuwa Maraɗi, kusan 900 zuwa Damagaram, bayan makonnin da ya yi yana jiran ayari ya cika.